Shekara 20 a kan takarda ɗaya: yadda cocin Lutheran na Amurka ya tsai da matsaya kan aure da zaman jinsi

Asalin lamarin: 1988

A ranar 1 ga Janairu 1988 ƙungiyoyin Lutheran guda uku a Amurka suka narke suka zama coci ɗaya, wanda ake kira ELCA a taƙaice. Ya soma da mabiya sama da miliyan 5 da ikilisiyoyi kimanin 11,000, da hedikwata a Chicago, aka kuma raba ƙasar zuwa sinod 65, kowane da bishop nasa. Kowace ƙungiya cikin ukun ta zo da nata rubuce-rubucen kan al'amuran duniya. Sabon cocin ya ajiye su a matsayin abin tunawa da jagora, amma ya yanke cewa zai rubuta nasa daga tushe.

Rubutu mafi nauyi a tsarinsa shi ne takardar matsaya kan al'amuran zamantakewa. Babban Taro, wato taron wakilan cocin na ƙasa baki ɗaya, shi kaɗai ke amincewa da ita, kuma sai ta sami kashi biyu bisa uku na ƙuri'u. A shekarun da ake magana a kansu, masu jefa ƙuri'a a wannan taro sun kai dubu ɗaya da ɗoriya, sinod-sinod ne ke zaɓo mafi yawansu, kuma ƙa'ida ce aƙalla kashi 60 cikin ɗari su kasance ba fastoci ba. A lokacin taron yana zama duk bayan shekara biyu. Ƙasa da takardar matsaya akwai saƙo, gajeren rubutu da Majalisar Coci, wadda ke gudanar da coci tsakanin taro da taro, ke iya fitarwa ba tare da jiran Babban Taro ba, sai kuma ƙudurori kan batutuwa ɗaiɗaiku.

Takardar matsaya ba ta ɗaure mabiyi. Mutum na iya ƙin yarda da ita ya ci gaba da cin jibi a cocinsa, babu mai korarsa. Abin da take ɗaurewa shi ne hukumar cocin: abin da bishop-bishop za su faɗa da sunan coci, da abin da ofishinsu na Washington zai nema a wurin 'yan majalisa.

Da wannan tsari aka yi saurin gamawa da batutuwa masu zafi. A 1991 kaɗai Babban Taro ya amince da takardu uku: ɗaya kan matsayin coci a cikin al'umma, ɗaya kan zubar da ciki, ɗaya kan hukuncin kisa. A 1993 aka ƙara biyu, kan kula da halitta da kan launin fata da ƙabila. Batun aure da jima'i ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, musamman tambayar mene ne matsayin mutum biyu 'yan jinsi ɗaya da ke zaman tare, kuma ko irinsu na iya zama fasto.

Yunƙuri na farko: 1989 zuwa 1993

An kafa kwamitin farko a 1989. Tun bai yi nisa ba al'amura suka sha gabansa. A Janairu 1990 ikilisiyoyi biyu a San Francisco suka naɗa fastoci uku da suka ƙi yin alkawarin ƙauracewa zaman jinsi ɗaya. Aka dakatar da ikilisiyoyin, daga baya aka cire su daga cocin a ƙarshen 1995. A 1990 ɗin kuma Majalisar Coci ta fitar da kundin abin da ake sa ran gani a rayuwar fasto, inda aka rubuta cewa fasto mai sha'awar jinsinsa dole ya kame kansa. Wato kafin a tsai da koyarwa an riga an tsai da dokar aiki.

Kwamitin ya fitar da littafin nazari a 1991, sannan daftarin farko a Oktoba 1993. Daftarin ya karkata ga karɓar zaman jinsi ɗaya idan an gina shi bisa amana da alkawari, ya kuma yi magana a fili kan kwaroron roba da wasu abubuwan da ba a saba jin su a bakin coci ba. Kafin kwafinsa ya isa hannun fastoci, ya isa hannun 'yan jarida. Mabiya suka karanta labarin a jarida kamar cocinsu ya riga ya yanke hukunci, suka nufi fastocinsu da tambaya, su kuwa fastocin ba su ko ga takardar ba.

Ƙura ta tashi sosai. Martani sama da 21,000 suka kwarara hedikwata, mafi yawansu na ƙin amincewa. An janye jami'ar da ke jagorantar aikin daga kansa. A watan Oktoban nan ne kuma taron bishop-bishop ya bayyana cewa bai ga madogara a Littafi Mai Tsarki ko a al'adar coci ba da za ta sa a kafa hidima ta musamman ta sa wa zaman jinsi ɗaya albarka, ko da yake ya ce ya amince fastoci su nemi hanyar kula da duk wanda ke hannunsu. Wannan bayani ba takardar matsaya ba ne, shawara ce kawai, amma shi aka riƙa dogaro da shi shekara 16.

Ja da baya: 1994 zuwa 2000

An ba wasu mutane kaɗan aikin sake rubutu, suka fitar da daftari na biyu a 1994, mai sanyi fiye da na farko. Shi ma bai kai ko'ina ba. Masu son canji suka ga an ja da baya, masu riƙon tsohuwar koyarwa suka ga ba a dawo gida ba. A 1995 aka ajiye maganar takardar matsaya gaba ɗaya.

Abin da aka iya samarwa shi ne saƙo. A Nuwamba 1996 Majalisar Coci ta fitar da ɗan rubutu kan abubuwan da aka yi tarayya a kansu: darajar aure, aminci tsakanin miji da mata, la'antar fyaɗe da cin zarafi da cinikin jiki. Tambayar da ta haddasa rikicin ba a taɓa ta ba. A 1997 kuma aka amince da sabon kundin ƙa'idoji kan yadda za a riƙa tunkarar al'amuran zamantakewa, wanda ya shimfiɗa matakan nazari da tattaunawa da yanke shawara dalla-dalla.

Yunƙuri na biyu: 2001 zuwa 2005

Babban Taron 2001 a Indianapolis ya ba da umarni biyu: a yi nazari kan sa albarka da naɗa fastoci masu zaman jinsi ɗaya, a kuma rubuta takardar matsaya kan jima'i baki ɗaya. Wannan karon an cusa mutane masu ra'ayi mabambanta a kwamitin da gangan, malaman tauhidi da fastoci da waɗanda ba fastoci ba, kuma ba a fara da daftari ba. An fara da littattafan nazari da aka aika wa ikilisiyoyi, na farko a 2002, na biyu a 2003. Na biyun ya jera ayoyin da ake jayayya a kansu, daga Farawa da Littafin Firistoci zuwa Romawa sura ta 1, ya nuna yadda kowane ɓangare ke karanta su, ya bar wa masu nazari su auna. A ƙarshensa akwai takardar amsa. Kimanin 28,000 suka dawo, kuma waɗanda ba sa son a canja komai sun fi yawa.

Kwamitin ya miƙa rahotonsa a Janairu 2005 da shawarwari uku. Ta farko, coci ya dage wajen neman hanyar zama tare duk da saɓani. Ta biyu, a ci gaba da mutunta shawarar bishop-bishop ta 1993. Ta uku, kada a canja doka, amma a bar ƙofar ƙin hukunta fasto ko ikilisiyar da ta saɓa mata saboda lamiri. Majalisar Coci ta sake fasalin ta ukun, ta mai da ita hanyar ba da izini na musamman ga wasu fastoci. Wannan na buƙatar gyaran dokokin coci, gyaran kuma na buƙatar kashi biyu bisa uku.

A Orlando, cikin Agusta 2005, shawara ta farko ta wuce da ƙuri'a 851 da 127. Ta biyu ta wuce da 670 da 323. Ta uku ta faɗi: 490 suka yarda, 503 suka ƙi. Ko rabi ba ta kai ba, balle kashi biyu bisa uku.

Daga nazari zuwa daftari: 2006 zuwa farkon 2009

Saura takardar matsayar kanta. A ƙarshen 2006 aka fitar da littafin nazari na uku, wanda ya faɗaɗa magana zuwa aure, iyali, zaman marasa aure da yadda kasuwa ke cinikin jiki. Ana cikin haka, a 2007 aka cire wani fasto na Atlanta daga jerin fastocin coci bayan ya sanar da bishop nasa cewa yana da abokin zama namiji, ikilisiyarsa kuwa ta ƙi rabuwa da shi. Babban Taron wannan shekara a Chicago, da ƙuri'a 538 da 431, ya roƙi bishop-bishop su sassauta ko su dakata da hukunta irin waɗannan fastoci, ya kuma ɗora wa kwamitin ya kawo shawara kan dokar fastoci a 2009. Doka tana nan a rubuce, amma an ce a bi ta a hankali.

Daftarin ya fito a Maris 2008, da hatimin cewa daftari ne. Aka yi zaman sauraron ra'ayi sama da 100 a sinod-sinod, aka karɓi amsoshi har zuwa Nuwamba. Kwamitin ya sake rubutu, ya fitar da takardar da yake ba da shawara a Fabrairu 2009. Daga nan ta bi ta hannun Majalisar Coci, wadda ke da ikon gyara, sannan tarukan sinod na bazara suka tattauna ta suka aiko da ƙorafe-ƙorafensu.

Mafi yawan takardar ba abin faɗa ba ne. Ta gina komai a kan amana: dangantakar da ke tsare amana da kāre mai rauni ita ce abin nema. Ta ce al'adar Kirista ta tarihi da littattafan shaidar bangaskiya na Lutheran sun san aure a matsayin alkawari tsakanin namiji da mace. Ta soki neman mata barkatai da hotunan batsa da cin zarafin yara.

A kan zaman jinsi ɗaya kuwa, sai ta faɗi ƙarara cewa cocin ba shi da matsaya guda, ta zayyana ra'ayoyi huɗu da masu bi na gaskiya ke riƙe da su. Akwai masu ganin cewa zunubi ne, ya saɓa wa Littafi Mai Tsarki, abin da ya dace shi ne kira zuwa tuba da kame kai. Akwai masu ganin cewa alama ce ta lalacewar duniya, suna yarda cewa ana iya samun kulawa da juna a irin wannan zama, amma ba sa yarda a ɗaukaka shi a bainar jama'a kamar aure. Na uku suna cewa nassosin ba su yi magana kan irin zaman amana na har abada da ake gani yau ba, don haka a mutunta shi a kuma ɗora masa nauyi, sai dai ba daidai yake da aure ba. Na huɗu suna cewa a auna shi da ma'aunin aure sak, a ba shi goyon bayan jama'a da na doka.

Igiyar da aka ɗaure huɗun da ita ita ce koyarwar ɗaurarren lamiri. An jingina ta da tsayuwar Martin Luther, wanda 'yan Lutheran suka samo sunansu daga gare shi, a birnin Worms na Jamus a 1521, inda ya ƙi janye rubuce-rubucensa domin lamirinsa kamamme ne ga Maganar Allah, da kuma gargaɗin Bulus a Romawa 14 da 1 Korintiyawa 8 cewa kada mai ƙarfi ya zama sanadin tuntuɓen ɗan'uwansa. Ma'anar a aikace: kowa ya mutunta lamirin wanda ya karanta nassi ya fahimce shi dabam.

Minneapolis: 17 zuwa 23 ga Agusta 2009

Jayayya ta farko a taron ba ta taɓa aure ba, a kan lissafi aka yi ta. Takardar matsaya dai kowa ya san sai da kashi biyu bisa uku. Amma ƙudurorin canja dokar fastoci fa? Wannan karon ba su taɓa kundin tsarin mulkin coci ba, takardun manufa kawai za a gyara, saboda haka rinjaye na fiye da rabi ya isa. Wasu suka nemi a ɗaga ma'aunin zuwa kashi biyu bisa uku. A daren buɗe taro aka kaɗa ƙuri'a, buƙatarsu ta faɗi.

Ranar Laraba 19 ga wata, ana tsakiyar muhawara, guguwa mai juyi ta ratsa tsakiyar birnin, ta taɓa rufin zauren taro, ta lanƙwasa gicciyen da ke kan hasumiyar cocin Lutheran da ke tsallaken titi. Kowane ɓangare ya sami abin faɗa a kanta. Da yamma aka kaɗa ƙuri'a: 676 suka yarda, 338 suka ƙi. Jimla 1,014, kuma kashi biyu bisa uku na 1,014 shi ne 676 cif. Da mutum ɗaya ya sauya ra'ayi, da takardar ta faɗi.

Ranar Juma'a 21 ga wata aka zo kan dokar fastoci. Ƙudurin ɗaukar nauyin juna da mutunta lamiri ya sami 771 da 230. Na barin ikilisiyoyin da suka ga dama su karɓi zaman jinsi ɗaya na har abada, mai mutum biyu kacal, wanda jama'a suka shaida, ya sami 619 da 402. Na buɗe wa masu irin wannan zama ƙofar aikin fasto ya sami 559 da 451, kimanin kashi 55 cikin ɗari ke nan. Ba a tilasta wa kowace ikilisiya ɗaukar irin wannan fasto ba, domin a tsarinsu ikilisiya ce ke kiran fastonta.

Abin da ya biyo baya: 2010 zuwa 2022

Majalisar Coci ta gyara takardun dokar a Afrilu 2010. A Agustan wannan shekara masu adawa suka kafa sabon coci a Grove City ta jihar Ohio, wanda ake kira NALC, wasu kuma suka koma wata ƙungiya da aka kafa tun 2001, LCMC. Fita ba ta da sauƙi: ikilisiya sai ta kaɗa ƙuri'a sau biyu, kowace da kashi biyu bisa uku, da tazarar aƙalla kwana 90 da ganawa da bishop a tsakani. Duk da haka ikilisiyoyi sama da 600 suka fice cikin 'yan shekaru, wasu kuma suka tsage gida biyu bayan ƙuri'ar fita ta gaza. Yawan mabiya ya sauka daga kimanin miliyan 4.5 a 2009 zuwa ɗan sama da miliyan 4 a 2011. Cocin dama yana raguwa a hankali, kamar sauran tsofaffin cocin Furotesta na Amurka, amma bai taɓa faɗuwa da wannan sauri ba. Kuɗin da ke isa hedikwata ya ragu, aka rage ma'aikata.

Girgizar ta tsallaka teku. A farkon 2013 cocin Lutheran na Habasha mai suna Mekane Yesus ya yanke hulɗa da ELCA da kuma Cocin Suwidin a kan wannan batu. Hukuncin Minneapolis bai hau kan kowane coci a wajen Amurka ba, domin cocin da ke cikin Tarayyar Lutheran ta Duniya kowane da ikon kansa. Haka yake ga cocin Lutheran na LCCN mai hedikwata a Numan ta jihar Adamawa, wanda ke da daɗaɗɗiyar abota da sinod ɗin yankin Minneapolis ɗin kansa.

Takardun da suka biyo baya sun wuce ba tare da gumi ba: ta kimiyyar ƙwayoyin gado a 2011, ta shari'ar masu laifi da gidajen yari a 2013, ta adalci ga mata a 2019, kowace da rinjayen sama da kashi 90 cikin ɗari. A 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi ɗaya a duk ƙasar, abin da ya sa wasu kalmomin takardar 2009 suka tsufa. Babban Taron 2022 a Columbus ya ba da izinin sake duba ta ta fuska biyu: gyaran lafazi don ya dace da dokar ƙasa, da sake nazarin ra'ayoyi huɗun nan da koyarwar ɗaurarren lamiri.

Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki, da dalili

Yunƙurin 1993 ya mutu ne tun kafin a karanta shi. Kwamiti ya zo da amsa alhali jama'a ba su gama jin tambayar ba, kuma aka bar fastoci, waɗanda su ne za su tsaya gaban mutane ranar Lahadi, hannu rabbana. A zagaye na biyu an gyara wannan kusan gaba ɗaya. Littattafan nazari uku, shekara takwas, dubban amsoshi, zaman sauraro a faɗin ƙasa: a 2009 babu wanda zai ce an yi masa ba-zata. Wannan ɓangare na tsarin ya yi aikinsa, kuma ya cancanci a yaba masa.

Sai dai ba doguwar tattaunawa ce ta samo ƙuri'a 676 ba. Abin da ya samo su shi ne takardar ta ƙi zaɓa. Daftarin 1993 ya ɗauki ɓangare ya faɗi, na 2009 ya rubuta saɓanin kansa a matsayin koyarwa ya tsallake da ƙyar. Ana iya kiran wannan gaskiya, domin cocin hakika ba shi da baki ɗaya, kuma faɗin haka ya fi ƙirƙiro haɗin kan da babu shi. Amma masu adawa suna da hujjar da ba a amsa musu da kyau ba. Luther a Worms bai ce ra'ayinsa da na abokan jayayyarsa duka daidai ne ba, cewa ya yi a nuna masa kuskurensa daga nassi. Ga wanda ya riƙe ra'ayi na farko, sanya shi a jeri ɗaya da na huɗu ya riga ya zama hukunci a kansa.

Raunin da ya fi girma, a ganina, yana wurin ma'auni biyun. An kāre takardar da ba ta ɗaure kowa da katangar kashi biyu bisa uku, aka bar dokar da ke canja wanda zai hau bagade ta wuce da kashi 55. Bisa ƙa'ida babu kuskure a ciki, taron ya bi dokokinsa. Amma a 2005 wata shawara mai kama da ita, wadda ma ba ta kai ta nisa ba, an auna ta da babban ma'auni. Wanda ya sha kaye a 2009 yana iya duba wannan ya ce an sauya mudu a tsakiyar awo, kuma da ya tashi fita sai aka ce masa shi kam sai ya kawo kashi biyu bisa uku har sau biyu. Masu goyon bayan canjin suna da tasu amsar: dokar kame kai ta 1990 ita ma Majalisar Coci ce ta kafa ta, ba ta taɓa bi ta babban ma'auni ba, don me cire ta zai bi? Amsar tana da ƙarfi a shari'ance. Ba ta hana ikilisiyoyi 600 tafiya ba.

Rinjayen da takardun 2011 zuwa 2019 suka samu bai kamata a karanta shi a matsayin shaidar cewa tsarin ya warke ba. Batutuwan ba su taɓa bagade ba, kuma da yawa cikin masu cewa a'a sun riga sun bar zauren. Wannan ne ya sa sake duba ra'ayoyi huɗun ke da nauyi ga waɗanda suka riƙe tsohuwar koyarwa amma suka zauna. Sun zauna ne bisa alkawarin da aka rubuta musu a 2009 cewa ra'ayinsu yana da mazauni a cikin cocin, kuma taron da zai yanke ko alkawarin zai ci gaba ba shi da yawancin mutanen da suka jefa ƙuri'a 338 ɗin.